Kalmomin da na koya a sashen fisiyo

Ranar da likita ya ce mahaifina zai fara zuwa gashi, bayan ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi, hoton da ya zo mini a zuciya shi ne na wata fitila mai zafi da za a riƙa haska masa a hannu da ƙafa har jikin ya saki. Haka na fahimci kalmar, kuma ina kyautata zaton haka yawancin mutane suke fahimtarta, domin duk wanda ya ji an ce gashi, zafi zai fara tunawa. Mun shafe wata takwas muna zuwa wannan sashe, amma a duk tsawon lokacin nan bai fi sau uku na ga an ɗora masa wani abu mai ɗumi ba. Sauran lokacin ya tafi ne a kan koyon juyawa a gado, da zama, da miƙewa, da ɗaga ƙafa, da riƙe kofi. Ni ba ma'aikacin lafiya ba ne, mai jinya ne da ya yi ta tambaya kuma ya yi ta karatu, har na fahimci cewa rashin sanin kalmomin wannan sana'a yakan mayar da majinyaci da mai jinyarsa 'yan kallo, alhali kuwa mafi yawan aikin a wuyansu yake.

Cikakken sunan sana'ar shi ne fisiyoterafi, wanda ake taƙaitawa a ce fisiyo. Sunan ya samo asali daga kalmomin Girkanci guda biyu, ɗaya tana nufin ɗabi'a ko halitta, ɗayar kuma tana nufin jinya, wato magani ta hanyar motsi da atisaye da aikin hannu, tare da taimakon zafi ko sanyi ko ruwa ko lantarki idan akwai buƙata. Masu tarihin sana'ar sukan fara ne daga Per Henrik Ling, wanda ya kafa cibiyar koyar da motsa jiki a ƙasar Suwidin a shekarar 1813. A 1894 wasu mata huɗu ma'aikatan jinya suka kafa ƙungiyar ƙwararrun masu tausa a Ingila, wadda daga baya ta zama ƙungiyar ma'aikatan fisiyo ta ƙasar. Abubuwa biyu ne suka raini sana'ar har ta tsaya da ƙafarta: dubban sojojin da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Ɗaya da raunuka, da kuma annobar shan inna da ta yi ta shanye ƙafafun yara a farkon rabin ƙarni na 20. A Amurka an kafa ƙungiyarsu a 1921, Mary McMillan ce shugabarta ta farko, sannan a ranar 8 ga Satumba, 1951 aka kafa ƙungiyar duniya a birnin Kofanhagen, shi ya sa har yau ake bikin ranar fisiyo ta duniya a wannan rana. Wanda ya duba wannan tarihi zai ga cewa tun daga tushe tambayar sana'ar guda ce: mutumin da ya tsira da ransa, yaya za a yi ya koma amfani da jikinsa?

Kalma ta farko da na ci karo da ita ita ce tantancewa. Na ɗauka a ranar farko za a fara magani, sai ga shi ma'aikaciyar fisiyon ta kwashe kusan awa guda tana tambaya da gwaji, ba ta yi abin da ni a lokacin zan kira magani ba. Ta tambayi yadda ciwon ya fara, da magungunan da yake sha, da irin gadon da yake kwana a kai, da nisan da ke tsakanin ɗakinsa da banɗaki, da abin da ya fi damunsa da ya daina iya yi. Daga nan ta duba zamansa, ta taɓa tsokokinsa, ta motsa kowace gaɓa, ta gwada ko yana jin taɓi a fatarsa. Likitan da ya kwantar da shi ya riga ya faɗi sunan ciwon, amma ita abin da take nema daban ne, tana son ta san abin da ciwon ya ƙwace da abin da ya bari. Mutum biyu za su iya kamuwa da ciwo iri ɗaya, ɗaya yana tafiya amma hannunsa ba ya aiki, ɗayan kuma ko zama ba ya iyawa sai an tallafe shi, don haka sunan ciwo kaɗai ba ya isa a tsara musu aiki.

A nan ne na fara gane wahalar kalmar jijiya. A bakinmu jijiya ɗaya ce, amma a wurin ma'aikacin fisiyo abubuwa huɗu ne mabambanta, kuma wanda bai raba su ba zai daɗe bai fahimci abin da ake gaya masa ba. Akwai jijiyar jini, wadda jini ke gudana a cikinta. Akwai jijiyar saƙo, wadda ke ɗauko umarni daga ƙwaƙwalwa ta bi ta lakar baya ta kai wa tsoka, ta kuma mayar da labarin taɓi da zafi da sanyi zuwa ƙwaƙwalwa. Akwai igiyar da ke ɗaure tsoka a jikin ƙashi, wadda mafi girmanta a jiki ita ce agara, wato wadda ke bayan idon sawu ta haɗa tsokar sha-raɓa da dunduniya. Sai ta huɗu, wadda ke ɗaure ƙashi da ƙashi a gaɓa don kada ya goce. Ita ce take ɗamewa ko ta yage idan mutum ya yi targaɗe. Game da mahaifina, ciwon ya fara ne a jijiyar jini da ta toshe a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwarsa, wannan ya kashe wasu ƙwayoyin halittar ƙwaƙwalwa da ke aika saƙo, sai ɓarin jikinsa na dama ya shanye, domin hanyoyin saƙon suna gittawa ne a gindin ƙwaƙwalwa, kowane ɓangare yana tafiyar da ɓarin jikin da ke ɗaya gefen. Hannunsa da ƙafarsa lafiyarsu ƙalau a ranar da abin ya faru, saƙo ne ya daina isa gare su. Da na fahimci wannan sai na daina mamakin dalilin da ya sa shafa mai da murza hannu, duk yawan da muka yi, ba su dawo da motsi ba.

Sai zancen iyakar motsin gaɓa. Kowace gaɓa tana da gwargwadon inda take kaiwa, kuma ana auna shi da digiri, da wani ma'auni mai hannu biyu kamar almakashi da ake kira goniyomita. Gwiwa mai lafiya takan lanƙwashe zuwa wajen digiri 135, kafaɗa kuma takan ɗaga hannu sama zuwa wajen 180. Motsin ma kowanne da sunansa: lanƙwasawa, da miƙewa, da ware gaɓa daga jiki, da dawo da ita, da juyawa. Abin da ya fi muhimmanci ga mai jinya shi ne bambanci tsakanin motsin da majinyaci ya yi da ƙarfinsa, da motsin da wani ya yi masa yana sake, da kuma na tsakiya, wanda majinyaci ke farawa wani ya ƙarasa masa. Idan hannu yana kaiwa sama lokacin da aka ɗaga shi, amma mai shi ba ya iya kai shi da kansa, to gaɓar a buɗe take, matsalar tana ga tsoka ko ga saƙo. Idan kuwa ko an ɗaga masa ba ya kaiwa, to gaɓar ce ta fara ƙagewa. Wannan ɗan gwaji mai sauƙi shi ke nuna inda za a sa ƙarfi.

Ƙarfin tsoka shi ma da ma'auninsa, daga 0 zuwa 5, kuma ina ganin duk mai jinya ya kamata ya san shi, saboda shi ne ya hana ni yanke ƙauna a watannin farko. Sifili yana nufin babu ko alamar motsi. Ɗaya shi ne a ga tsokar ta ɗan harba, ko a ji ta a ƙarƙashin yatsa, amma gaɓar ba ta motsa ba. Biyu shi ne gaɓar ta motsa idan an ɗauke mata nauyinta, kamar a ja hannu a kan tebur mai santsi. Uku shi ne ta iya ɗaga nauyin kanta sama, huɗu ta iya ture ɗan nauyin da aka ƙara mata, biyar kuma cikakken ƙarfi ke nan. A idon ɗan kallo babu bambanci tsakanin sifili da ɗaya, duka hannu ne a kwance. Amma ranar da ma'aikaciyar ta ɗora yatsuna a kan damtsen mahaifina ta ce, "Baba, a gwada lanƙwasawa," na ji tsokar ta motsa a ƙarƙashin fata kamar bugun zuciya, sai ta rubuta ɗaya a inda da aka rubuta sifili. Wannan lamba guda tana nufin saƙo ya sami hanya ya iso, kuma duk abin da ya biyo baya a kanta aka gina shi.

Tsoka tana aiki ta hanya uku, kuma atisaye yakan bi su daki-daki. Takan ɗaure ba tare da gaɓar ta motsa ba, kamar mai tura bango. Da wannan ake farawa idan gaɓa tana ciwo ko an yi mata aiki ba da daɗewa ba. Takan gajarce tana jan nauyi, kamar lokacin da mutum ke miƙewa daga kujera. Takan kuma tsawaita a hankali tana riƙe da nauyi, kamar lokacin da yake komawa ya zauna. Wannan na ukun shi mutane suka fi rainawa, ga shi kuwa shi ne birkin jiki. Mahaifina ya iya miƙewa tun kafin ya iya zama, domin da ya zo komawa sai ya faɗa kujerar gaba ɗaya, har sai da aka shafe makonni ana koya masa sauka sannu a hankali. Ƙa'idar atisaye kuma ita ce ƙari kaɗan-kaɗan: jiki yana ƙara ƙarfi ne idan an ɗora masa abin da ya ɗara wanda ya saba da shi, don haka atisayen da ya zama mai sauƙi ya gama aikinsa, sai a ƙara nauyi ko yawa ko wahala.

Akwai wata kalma da ta rikita ni ƙwarai, wato ɗaurin tsoka. Ko mutum yana hutawa, tsokokinsa suna riƙe da wani ɗan ɗauri na ɗabi'a. A makonnin farko hannun mahaifina sakwaf yake, idan aka ɗaga aka saki sai ya faɗi. Daga baya sai ya fara tauri, gwiwar hannun ta lanƙwashe, yatsun suka dunƙule, mu kuma muka yi murna muna cewa ƙarfi ya dawo. Ma'aikaciyar ta bayyana mana cewa wannan sandarewa ce, wadda ke faruwa saboda ƙwaƙwalwa ta daina tsawatar wa lakar baya yadda ya kamata, kuma alamarta ita ce da zarar an ja gaɓar da sauri sai ta ƙara turjewa, idan kuwa an bi ta a hankali sai ta ba da hanya. Haɗarin shi ne idan aka bar gaɓa a lanƙwashe wata da watanni, tsoka da igiyoyinta sukan gajarce na dindindin, wannan shi ne ƙagewar gaɓa, kuma idan ta yi nisa wani lokaci sai an yi fiɗa. Rigakafinta ba ya buƙatar na'ura: a miƙe kowace gaɓa a hankali kowace rana, a kula da yadda ake kwantar da majinyaci, a tallafe hannu da matashi. Haka nan gyambon kwanciya, wanda ke fitowa a ƙugu da dunduniya da kwankwaso idan nauyin jiki ya daɗe a wuri guda, ana kare shi ne ta hanyar juya majinyaci a kai a kai, galibi duk bayan awa biyu. Wani gargaɗi da nake so kowane mai jinya ya ji shi ne, kada a taɓa jan shanyayyen hannu don a tayar da mutum, saboda tsokokin da ke riƙe kafaɗa a mazauninta sun yi rauni, jan zai iya sa ta zame, ya bar ciwon da zai hana atisaye na tsawon lokaci.

To me ke dawo da motsin? Amsar tana cikin wata baiwa da ƙwaƙwalwa take da ita ta sake shimfiɗa hanyoyi. Ƙwayoyin da suka mutu ba sa dawowa, amma na kusa da su za su iya ɗaukar wani ɓangare na aikin, kuma suna koyo ne ta hanyar maimaici, kamar yadda turba ke fitowa a daji idan ƙafafu suka yi ta bi. Wannan sauyi ya fi sauri a watannin farko bayan ciwon, wajen wata uku zuwa shida, ko da yake ba ya tsayawa a nan. Sharaɗinsa shi ne majinyacin ya yi yunƙurin da kansa, kuma ya maimaita ainihin aikin da yake son ya dawo. Mai son tafiya sai ya yi ta taka ƙasa, mai son cin abinci da hannunsa sai ya yi ta kai hannu baki. A nan ne tausayi yake iya zama cutarwa. Mun kasance muna rige-rigen miƙa wa mahaifina duk abin da ya kalla, muna sa masa riga, muna ɗaga masa ƙafa, har sai da aka nuna mana cewa hannun da aka daina nema ƙwaƙwalwa takan koyi mantawa da shi. Tsayawa kana kallon mahaifinka yana fama da maɓallin riga na minti biyar, hannunka na ƙaiƙayi, yana daga cikin abubuwa mafi wuya da na taɓa yi, amma waɗannan mintuna su ne maganin.

Tsayuwa da tafiya suna da nasu kalmomin. Daidaito a tsaye ya dogara ne a kan abubuwa uku: ido, da wani sashe na cikin kunne mai gane karkatar kai, da kuma jin matsayin gaɓa, wato sanin da mutum yake da shi na inda ƙafarsa take ko da ya rufe ido. Wannan na ƙarshen ban san da shi ba sai da na ga wanda ya rasa shi. Mahaifina sai ya sunkuya ya dubi ƙafarsa kafin ya san ko ta taka ƙasa. Taku guda kuma an raba shi kashi biyu, lokacin da ƙafa take ƙasa tana ɗauke da jiki, wanda ya kai wajen kashi 60 cikin 100, da lokacin da take sama tana wucewa gaba, wajen kashi 40. Mai ɗingishi saboda ciwo yakan gajarta na farkon, wanda kuma ƙafarsa ke lilo daga idon sawu yakan sha wahala a na biyun, sai ya riƙa jan yatsu a ƙasa ko ya zagayo da ƙafar ta gefe. Akwai gwaje-gwajen da ake auna ci gaba da su, kamar wanda ake sa mutum ya tashi daga kujera, ya yi tafiyar mita 3, ya juyo ya zauna ana duba agogo, da wanda ake auna nisan da zai iya ci a cikin minti 6. Game da sanda kuwa, yawancin mutane suna riƙe ta a gefen da bai dace ba. Ana riƙe ta ne a hannun da ke gefen ƙafa mai lafiya, ta tafi gaba tare da ƙafa mai rauni. A matakala ƙafa mai ƙarfi ce ke fara hawa, mai rauni kuma ita ke fara sauka. Wanda ya yi karaya ko aka yi masa aiki zai kuma ji ana maganar ɗora nauyi, ko an hana shi taka ƙafar sam, ko an yarda ya ɗora wani ɓangare na nauyinsa, ko duka, kuma wannan umarni ne da ba a ƙetare shi.

Tunanin da ya haɗa duk waɗannan kalmomi wuri guda yana cikin wani tsari da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a shekarar 2001, wanda ya raba lamarin mutum hawa-hawa. Hawa na farko shi ne tawayar da ke jikin kansa, kamar raunin tsoka ko ƙagewar gaɓa. Na biyu shi ne aikin da ya gagara, kamar tafiya ko wanka. Na uku shi ne shiga cikin harkokin rayuwa, wato komawa wurin sana'a, da ziyarar 'yan'uwa, da zama cikin jama'a. A gefe kuma akwai muhalli da halin mutum, waɗanda ke iya sauƙaƙa lamarin ko su tsananta shi. Mutum biyu masu rauni iri ɗaya a ƙafa, ɗaya yana zaune a gidan da ba matakala, ɗayan kuma sai ya hau bene, nakasarsu ba ɗaya ba ce, ko da yake takardar asibitinsu iri ɗaya ce. A ganina wannan shi ne mafi kyawun abin da sana'ar ta koya mini, domin yana nuna cewa wani lokaci gyara tsayin kujera ko kafa ƙarfen dafawa a banɗaki yakan dawo wa mutum da abin da atisayen wata biyu bai dawo masa da shi ba. Daga nan ne kuma ake fitar da buri. Ma'aikacin da ya san aikinsa ba ya rubuta cewa burin shi ne majinyaci ya sami sauƙi; yakan tambaye shi abin da yake so, sannan su mayar da shi abin da za a iya aunawa a cikin wa'adi. Da aka tambayi mahaifina, bai ambaci hannu ko ƙafa ba, cewa ya yi yana so ya shiga banɗaki ya rufe ƙofa ba tare da ɗansa yana tsaye a kansa ba. A kan wannan magana aka tsara aikin wata uku.

Sai mu dawo kan zafin da ya ba sana'ar sunan gashi. Gaskiya ne akwai na'urori: jakar ɗumi, da ƙanƙara, da fitila mai zafi, da na'urar da ke aika ɗan lantarki ta fata don rage raɗaɗi, da mai aiki da sautin da kunne ba ya ji, da mai jan ƙashin baya. Akwai kuma aikin hannu, wato tausa da motsa gaɓa da dabara. Wasunsu suna sanyaya ciwo na ɗan lokaci, wanda zai ba mutum damar motsawa, kuma ba na raina wannan amfani. Amma matsayinsu na mataimaka ne. Ciwon baya misali ne mai kyau, kasancewar shi ne kan gaba wajen jawo nakasa a duniya, inda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 619 ne suka yi fama da shi a shekarar 2020. A jagoran da hukumar ta fitar a 2023 game da ciwon baya mai daɗewa, ta goyi bayan ilimantar da majinyaci da tsararren atisaye, ta kuma ba da shawarar kada a mayar da jan baya da na'urar sauti da ta lantarki da ɗamarar ƙugu abin yi na yau da kullum. Don haka idan mutum ya yi zuwa goma ana kwantar da shi a ƙarƙashin fitila, ba a auna shi ba, ba a koya masa abin da zai yi a gida ba, yana da haƙƙin ya tambayi dalili.

Shi kansa ciwo an raba shi biyu, sabo da daɗaɗɗe, kuma iyakar da aka saba sawa ita ce wata uku. Sabon ciwo ƙararrawa ce da ke nuna an ji rauni. Daɗaɗɗe kuwa sau da yawa yakan ci gaba bayan raunin ya warke, saboda jijiyoyin saƙo sun zama masu saurin firgita, kuma rashin barci da damuwa da tsoron motsi sukan ƙara rura shi. Saboda haka ne ake sa majinyaci ya ba ciwonsa maki daga 0 zuwa 10, a kuma koya masa cewa ba kowane raɗaɗi ne a lokacin atisaye yake nufin ana ɓarna ba. Duk da haka akwai alamomin haɗari da aka horar da ma'aikacin fisiyo ya gane, ya mayar da mutum wurin likita nan take. Mai ciwon baya da ya kasa riƙe fitsari ko bayan gida, ko fitsarin ya ƙi fita, ko ya daina jin taɓi a tsakanin cinyoyinsa, ko ƙafafunsa suna ƙara rauni kullum, ba atisaye yake buƙata a wannan rana ba. Haka wanda ciwon ya zo masa da zazzaɓi ko rama marar dalili, da wanda sha-raɓarsa ta kumbura ta yi zafi bayan doguwar kwanciya, domin yana iya zama jini ne ya daskare a jijiya, kuma tausa a irin wannan hali haɗari ce babba.

Abin da na gani ɓangare ɗaya ne na sana'ar, wato na ƙwaƙwalwa da jijiyoyin saƙo. A ɗakin da muke zama na ga masu karaya da masu ciwon gwiwa, da jarirai da hannunsu ya sami rauni wajen haihuwa, da yara masu tawayar motsi tun daga ƙuruciya. Akwai masu aiki a ɗakin kulawa ta musamman suna taimaka wa marasa lafiya su fitar da majina daga ƙirji su kuma fara tashi zaune, akwai masu kula da mata bayan haihuwa don ƙarfafa tsokokin da ke riƙe mafitsara, akwai na 'yan wasa, akwai na tsofaffi masu yawan faɗuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 2.4 ne a duniya ke da larurar da za ta amfana da irin wannan farfaɗowa, wato kusan mutum ɗaya cikin uku.

Kalma ta ƙarshe da muka koya ita ce sallama, kuma ita ma sai da aka gyara mini fahimtarta. Na ɗauka ana sallamar mutum ne idan ya warke sarai. Ashe ana sallamarsa ne idan ya cim ma burin da aka tsara, ya kuma iya ci gaba da atisayensa a gida, domin awa biyu ko uku da ake yi a asibiti a mako ba su kai komai ba idan aka gwada su da sauran awannin da mutum ke yi a ɗakinsa. A ranar da aka sallami mahaifina, ƙarfin ƙafarsa ya kai huɗu, damtsensa uku, yatsunsa kuwa ba su wuce biyu ba, kuma har yau ba su dawo yadda suke ba. Ma'aikaciyar ta ba mu takarda mai zanen atisaye shida, ta sa ya yi kowanne a gabanta don ta tabbatar ya riƙe, ta rubuta ranar da zai dawo a sake auna shi bayan wata uku. Daga nan ya ɗauki sandarsa da hannun hagu, ya dafa hannun kujera ya miƙe, na bi shi a baya har bakin ƙofa ban taɓa shi ba.